Motar lantarki mai ɗauke da janareta: Wane fetur ya dace a zuba mata?

A gidajen man ƙasar Sin, direba kan tarar da bututu iri uku masu lamba 92 da 95 da 98. Ga masu motocin fetur na gargajiya, an daɗe da sanin wanda ya dace da kowace. Amma wani sabon nau'in mota ya sake tayar da muhawarar: motar lantarki mai ɗauke da ƙaramin injin fetur, wanda ba ya juya tayoyi, aikinsa kawai samar da wuta idan batir ya yi ƙasa. A taƙaice, janareta ce a cikin mota.

Kasuwar waɗannan motoci ta bunƙasa sosai. Kamfanin Li Auto, wanda ya fara da ƙirar Li ONE a 2019, ya sayar da motoci sama da 500,000 a 2024, mafi yawansu irin wannan ne. Leapmotor da AITO da Deepal duk sun shigo kasuwar.

Hujjar masu son zuba mai araha ita ce, tunda injin ba ya jan motar, kuma yana aiki ne a gudu kusan ɗaya, me zai hana a ba shi 92? Bambancin farashi tsakaninsa da 95 ya kai kusan rabin yuwan a kowace lita, kuma a tsawon shekara kuɗin na taruwa.

Sai dai hujjar ta ginu ne kan rashin fahimtar lambar. Ba ƙarfin mai take nunawa ba, kuma ba tsabtarsa ba. Ma'auni ne na oktan, wato yadda man ke jure matsi kafin ya kama da wuta da kansa. Injin da ke matse mai da iska sosai, musamman mai turbo, idan aka ba shi mai mai ƙarancin oktan, wani ɓangare na man kan fashe ba a kan lokaci ba, a ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Kwamfutar motar za ta ji wannan, ta jinkirta tartsatsin fulogi don kare injin. Sakamakon shi ne wutar da ake samu ta ragu, shan mai ya ƙaru, ribar da aka yi a gidan mai ta zube a hanya. Kuma injin janareta ba hutawa yake ba. Idan batir ya kusa ƙarewa a babban titi ko kan tudu, a lokacin ne ake ɗora masa nauyi mafi yawa.

Shi ya sa amsar ta danganta da injin. Motocin L7 da L8 da L9 na Li Auto suna da injin lita 1.5 mai turbo, kuma 95 kamfanin ya gindaya. Leapmotor C10 kuwa injinta ba shi da turbo, 92 ya ishe ta, kuma zuba mata 98 ɓarnar kuɗi ce kawai. A Amurka ma an ga haka: Chevrolet Volt ta farko tana buƙatar mai mai tsada, amma ƙirar 2016 ta koma shan na yau da kullum bayan an sauya injin. Abin lura, lambobin Amurka da wani ma'auni ake ƙirga su, 87 ɗinsu daidai yake da kusan 91 ko 92 a Sin da Turai.

Akwai kuma matsalar da ba a cika magana a kai ba. Mai irin wannan mota da ke caji kullum a gida zai iya yin watanni injin bai tashi ba, fetur kuwa yana lalacewa idan ya daɗe a tanki. Volt ta magance wannan ne ta hanyar tayar da injin da kanta duk bayan mako shida, tana kuma ƙone man da ya kai kusan shekara a kwance. Don haka cika tanki taf ga wanda ba ya doguwar tafiya ba dabara ba ce.

Ga mai shirin shigo da irin wannan mota Najeriya, inda cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya sa mutane ke waiwayar lantarki, lamarin ya fi tsanani. Gidajen mai a nan galibi fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba a ma rubuta lambarsa a jikin famfo, kuma ƙa'idar ƙasar ba ta kai 95 ba. Wanda ya sayi mai buƙatar 95 ba shi da zaɓin da direban Shanghai yake da shi. Kafin a biya dillali, sai a buɗe murfin tanki a karanta lambar da aka rubuta a cikinsa.