Gwajin Ɗaukar Aiki Ko Aikin Gayya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Karu da sassafe, tun kafin rana ta ɓullo, ya san irin turmutsitsin da ake yi wajen neman motar shiga cikin birnin Abuja. A cikin wannan taro akwai ma'aikatan gwamnati, da magina, da 'yan tireda, akwai kuma wasu samari da 'yan mata masu tsabtar tufafi, kowanne da ambulan na takardu a hammata, wani har da 'yar kwamfuta a jaka. Da yawa daga cikinsu ba su da aiki tukuna, ganawar neman aiki za su, kuma aikin da suke nema na fasaha ne: zane da kwamfuta, ɗaukar hoto, tace bidiyo, gabatar da shiri a rediyo, fassara labarai, ko rubuta wasan kwaikwayo.

Abin da ya tara su a Karu ba ɓoyayye ba ne. Karu tsohon garin Gbagyi ne, yana nan tun kafin dokar soja ta 1976 ta keɓe yankin Babban Birnin Tarayya. Da Gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, sai kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, balle wanda bai sami aikin ba. Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Ministan Abuja, ya ƙara koro jama'a zuwa Karu da Nyanya da Jikwoyi da Kurudu, har suka tsallaka Mararraba da Masaka a ɗaya Karun ta Jihar Nasarawa. To, amma aikin bai biyo su ba. Hedkwatar Rediyon Tarayya tana Area 10, ta NTA tana Area 11, manyan gidajen jaridu suna Utako, kamfanonin talla kuma suna Wuse da Maitama. Watau mai neman aiki sai ya ratsa cunkoson Kugbo da A.Y.A. kafin ya isa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tun kuwa da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace tafiya sai an yi mata lissafi.

Ƙofofin kam sun yawaita. Kafin 1992 gidan rediyo da na talabijin duk na Gwamnati ne. Doka mai lamba 38 ta wannan shekara ita ce ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki da Hausa zalla, sa'an nan wayar hannu ta zo ta mai da kowane shago mai bukatar hoto da talla. Sai dai yawancin waɗannan ƙofofi ƙanana ne. Bayan 'yan manyan gidajen da kowa ya sani, saura duk ofis ne mai ɗaki biyu, da maigida, da kwamfuta uku, da janareto. Gurbin aikin Gwamnati kuwa, ba kasafai ake jin labarinsa ba sai bayan an cike shi, kuma an san wanda yake da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Ganawar neman aikin fasaha ta sha bamban da ta aikin akawu. Saurayi ya kwana yana goge takardar difloma, ya jera ta da ta hidimar ƙasa, amma maigida kallo ɗaya zai yi musu ya ture gefe. Mai maɗaba'a zai ja masa kujera gaban kwamfuta, ya buɗe CorelDRAW, ya ce a zana masa katin ɗaurin aure cikin rabin awa. A gidan rediyo za a miƙa masa labari da Turanci, a ce ya juya shi zuwa Hausa, ya shiga ɗaki ya karanta. Nan take za a ji ko yana bin Turancin kalma da kalma har Hausar ta fita daga kamanninta, za a kuma gani a takarda ko ya san bambancin kafa da ƙafa, da na bata da ɓata. Mai neman aikin tace bidiyo za a zuba masa hotunan biki na awa biyu a ce ya fitar da minti uku masu ma'ana.

Lalle wannan hanya ita ce ta gaskiya, ba kuma sabuwa ba ce. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Wani malamin Makarantar Midil ta Katsina, mai shekara 22 da haihuwa, ya aika da Ruwan Bagaja, aka buga shi cikin littattafai biyar da aka zaɓa. Aikin nan ne ya sa a 1936 aka aro Malam Abubakar Imam zuwa Zariya na wata shida, ya rubuta Magana Jari Ce, kuma a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo na Hausa. Aikinsa aka gani kafin a ba shi kujera. Amma fa a lura da abu biyu: an faɗi tsawon lokacin da za a aro shi, kuma abin da ya rubuta ya fito da sunansa a bango.

Abubuwan nan biyu su ne suka ɓace daga gwajin zamanin nan. Sau da yawa akan ce wa mai neman aiki ya tafi gida ya tsara wa wani kamfani tambari, da allon talla, da 'yar gajerar sanarwa ta rediyo, ya kawo ranar Litinin, wai don a ga iyawarsa. Ya kwana uku yana yi, ya sayi datar waya da kuɗinsa, ya biya mai cajin kwamfuta saboda babu wuta, ya kai. A ce masa za a neme shi. Ba a neme shi ba, sai bayan 'yan makonni ya hangi zanensa daga tagar mota, an ɗan sauya launi, an kafa shi a bakin titi. Wani wurin kuma sai a ce an ɗauke shi, amma zai yi wata uku na gwaji ba albashi, kuma ya gode wa Allah domin zai yi suna. Da wata ukun sun kusa cika sai a fara samun aibinsa, a sallame shi, a kira na bayansa. Da haka ofis zai shekara yana aiki da hannaye huɗu bai biya ko ɗaya ba.

Wasu sukan kira wannan aikin gayya, alhali kuwa an ɓata wa gayya suna. A ƙauye mai gayya yakan dama fura, ya tuƙa tuwo, ya kira makaɗa, kuma ran da ta zagayo kan maƙwabcinsa shi ma ya ɗauki fartanya ya je. Wanda ya yi wata uku yana zuwa Wuse daga Jikwoyi, kwana biyar a mako, ya yi kwana 65 ke nan, tafiya 130 zuwa da dawowa, kowace tafiya mota biyu ko uku. Kuɗin nan daga aljihun wani suka fito: uwa mai sayar da abinci a kasuwar Karu, ko wa mai aikin gadi, ko bashin da aka ci da alkawarin za a biya ran albashin farko.

Doka fa? A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan Naira 70,000 a matsayin albashi mafi ƙanƙanta. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a irin waɗannan wurare ne akasarin masu fasaha suke fara aiki. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa, to ga shi kuwa a daidai nan ake sallamar mutum. Wadda ta fi amfani ga mai zane ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Bisa ga wannan doka, aikin fasaha na wanda ya ƙirƙire shi ne tun farko sai in an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba, kuma mallakar ba ta komawa hannun wani sai a rubuce. Watau wanda ya kafa allo da zanen mai neman aiki ba da izni ba ya taka doka. Sai dai wane ne zai ɗauki lauya saboda zane guda, alhali kuɗin motar gobe ma bai samu ba? A 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata musamman domin al'adu da sana'o'in fasaha, kuma ƙungiyar 'yan jarida da ta ma'aikatan rediyo da talabijin duk suna da ofisoshi a Abuja. Ba abu ne mai wuya ba su fitar da ƙa'ida ɗaya a kan iyakar gwaji, su buga ta inda kowa zai gani.

Su ma masu neman aikin ba a wanke su sarai ba. Akwai wanda ya yi shekara biyu yana karanta aikin jarida, amma in an ce ya nuna abu ɗaya da ya rubuta ko ya ɗauka sai ya fara sosa ƙeya. Akwai wanda yakan kwaso zanen wasu daga intanet ya cika waya da shi, ran da aka zaunar da shi gaban kwamfuta asiri ya tonu. Alhali Karu kanta cike take da abin yi. Masu kujeru na Kugbo suna bukatar hoton kayansu, teloli da masu makarantu suna bukatar takardar talla, ba a kuma yin Asabar ba biki. Wanda ya yi irin waɗannan guda goma, ko da a kan kuɗi kaɗan ne, ya tara abin nunawa, ya kuma koyi abin da makaranta ba ta koyarwa, watau yadda ake jure wa mai kaya in ya ce a sake. Mata masu alƙalami kuma suna da gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wadda tsarinta bai yi nisa da na 1933 ba.

Gane gwajin gaskiya ba shi da wuya. Akan yi shi a gaban mai ɗaukar aiki, ba ya wuce awa ɗaya ko biyu, kuma akan yi shi a kan abin da ba na sayarwa ba. In an ce a tafi da shi gida, ya kamata mai zane ya shimfiɗa sunansa a tsakiyar hoton, ya aika da ƙaramin kwafi, ya riƙe na asalin har sai an yi magana. In an ce wata uku, ba rashin kunya ba ne ya tambaya cikin ladabi: «Ranka ya daɗe, nawa ne kuɗin mota, kuma wace rana za a yanke shawara?» Maigidan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba, wanda ya ji haushi kuwa ya riga ya ba da amsa. Kada a biya kuɗin fom ga ofishin da ba a san shi ba, kada a bar takardun shaida na asali a hannun kowa. Yarinyar da aka ce ta zo ganawa a ɗakin otal bayan magariba, ta zauna a gida.

Akwai kuma lokacin da ya fi kowane haɗari, shi ne in zaɓe ya gabato. A sa'an nan maɗaba'u ba sa barci, ana neman masu zanen fosta da masu haɗa waƙar talla ido rufe, har wanda aka kora jiya akan kira shi. Alkawari yakan yi arha, a ce in an ci za a ba shi muƙami a ofishin watsa labarai. Wanda ya sami irin wannan aiki ya karɓi rabin kuɗinsa kafin ya fara, sauran kuma kafin ranar jefa ƙuri'a, domin da zarar an faɗi sakamako, wanda ya faɗi yakan kashe wayarsa, wanda ya ci kuma yakan sake lamba.