Waƙoƙin rock da pop da suka cancanci wuri a wayarka a wannan zafin

A Turai da Amurka, waƙar bazara ita ce wadda ta mamaye rediyo daga Yuni zuwa Agusta. Mu a lokacin damina muke. Namu zafin daga Maris zuwa Mayu ne. Don haka kada ka jira jerin da Spotify zai turo maka. Manhajar tana duba abin da ka saba ji ne ta ƙaro maka irinsa. In da Afrobeats ka fara, a nan za ta tsare ka.

Fara da "Dreams" ta Fleetwood Mac. Tun 1977 ta fito, wani bidiyon TikTok ya farfaɗo da ita a 2020. Kiɗanta a sanyaye yake, ya dace da rana tsaka. In iskar dare ta fara kaɗawa, sai "Blinding Lights" ta The Weeknd. "Espresso" ta Sabrina Carpenter akwai daɗi, amma tana saurin gundura.

Wanda na fi so ka saurara shi ne Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar. Waƙoƙinsa ta Bluetooth da katin memori suka fara yawo daga waya zuwa waya, kafin kamfanonin waje su san da shi. Kundinsa Afrique Victime na 2021 rock ne tsantsa. Sai dai ka sa abin kunne mai kyau, don sifikar waya tana cinye rabin sautin jitar.

Ka sauke su sau ɗaya da datar dare. A ingancin 128kbps, minti ɗaya yana cin kusan 1MB, kuma waƙar da aka sauke ba ta tsayawa in sabis ya ɗauke.