Sharhi: Barkwancin zane-zanen katun, dariyar da ke buƙatar iyaka

Daga Tabla, kan hanyar Yamai zuwa Filinge, har unguwannin 'yan ci-rani a Abijan da Kwatano da Legas, wayar salula ta buɗe sabon dandalin nishaɗi. Matasa kan yanko guntun fim na katun, kamar Tom and Jerry ko Kirikou, su ɗora masa kiɗan wata fitacciyar waƙa, sannan su sauya baitocin. Waƙar soyayya sai ta koma kukan tsadar shinkafa, ko tsiya ga ɗan ci-ranin da ya daina aiko kuɗi gida. Kafin gari ya waye ta zagaye rukunonin WhatsApp da TikTok.

Fasahar ba baƙuwa ba ce. Zambo da habaici sun girmi intanet a ƙasar Kurfai, kuma a 2014 UNESCO ta sanya wasan taubasantaka na Nijar cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. A yankin Tillaberi da rashin tsaro ya gallaba, dariya na rage wa zuciya nauyi.

Sai dai wasan taubasai yana da ƙa'ida: ana yin sa ido da ido, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa. Bidiyon da aka saki ba shi da wannan linzami. Idan aka saka sunan wata yarinya ko wani gida cikin baiti, a ƙauyen da kowa ya san kowa, dariyar minti ɗaya kan iya fasa aure ko raba zumunci.

Akwai kuma doka. A watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta gyara dokar laifukan intanet ta 2019, ta maido da ɗaurin shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi ta kafafen zamani. A Kano ma, cikin Nuwamban 2022, kotu ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu saboda bidiyon shaguɓe ga gwamna Abdullahi Ganduje.

Bai dace hukumomi su mayar da wannan doka sandar dukan duk mai ba'a ba. Wanda ya yi waƙa kan lalacewar hanya ko ɗaukewar wuta koke yake isarwa, kuma shugaba na gari kan saurara. Su kuma matasa su auna matsala, su bar mutuncin mutane, su riƙa ambaton mawaƙin da suka ari muryar waƙarsa, domin haƙƙinsa ne. 'Yan ci-rani su tuna cewa abin da suka turo daga nesa, 'yan'uwansu na gida ne za su kwana da shi. Kafin a danna tura, a fara tambaya: wa wannan dariyar za ta sa kuka?