Kafin Maigida Ya Sayo Mota

Uwargida, idan maigida ya nemi shawararki kan motar da za a saya, kada ƙyalli ya ruɗe ki. Mota mai ƙarko ita ce wadda bakaniken unguwa ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna kusa. Shi ya sa Peugeot 504 ta daɗe a hannun mutane, domin an fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kayansu suka wadata.

Toyota Corolla akwai juriya, ba ta shan mai sosai. Honda Accord akwai daɗin tuƙi, amma ƙafarta ba ta son ramuka. Mercedes ƙarfi gare ta, sai dai gyaranta kan cinye kuɗin makarantar yara.

Kafin a biya, a tafi da bakanike ya duba, a kuma tambayi farashin kayanta a kasuwa.