Yadda A Ke Sa Wa Cakulan Launi

Yau batunmu a kan cakulan ne, wanda a ke narkarwa a yi wa kek ado ran suna ko biki. Abu ne mai tsada, ga shi kuwa ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata kwano guda.

Dalili shi ne, cakulan mai ne da sukari, babu ruwa a cikinsa. Da ruwa ya taɓa shi, sai sukarin ya jiƙe ya manne wa juna, nan da nan abin ya dunƙule kamar tuwon da ya yi gudaji. To, kalar nan ta kwalba wadda ki ke sa wa shinkafa ko kek, da ruwa a ka haɗa ta, kada ki kusantar da ita. Nemi kala mai mai, ko ta gari wadda a ka yi domin cakulan. Ki karanta jikin kwalbar tun a kanti.

Farin cakulan ne ke karɓar launi. Amma farinsa da ɗan rawaya-rawaya, saboda man koko, shi ya sa shuɗi ya kan karkata zuwa kore. Mai duhu kuwa, in ba baƙi za ki mai da shi ba, kada ki wahalar da kanki.

Akwai kuma wanda a ke kira Candy Melts, da man alayyadi a ke yinsa maimakon man koko. Ɗanɗanonsa bai kai na cakulan ba, amma ni shi na fi so da bazara, gama man koko ya kan narke tun zafi bai wuce awo 35 ba. Shi ma ba ya shiri da ruwa.

Ki ɗora kwano busasshe a kan tukunyar ruwan zafi, ba mai tafasa ba, don tururi ma ruwa ne. Ki juya da cokalin ƙarfe, watau ban da muciya, ita ta kan riƙe laima. Sa'an nan ki sauke, ki ɗiga kalar kaɗan-kaɗan kina juyawa. In ya yi kauri, ɗan man gyaɗa zai sake shi.

Kadan ya riga ya dunƙule, kada ki zubar. Zuba madara mai zafi cokali-cokali har ya saki. Ba zai ƙara daskarewa da ƙarfi ba, amma ya yi kyau a kwarara bisa kek.