Ruwan Azurfa: Maganin da Ke Rina Mai Shan Sa

A tsakiyar watan Agustan 2014, lokacin da Ebola ta hana mutanen Legas ko gaisawa da hannu, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya sanar da cewa wani masanin kimiyya ɗan Najeriya mazaunin ƙasar waje ya kawo gudummawar wani maganin gwaji mai suna Nano Silver. Ba a je ko'ina ba murna ta koma ciki. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye, ta ce maganin bai cika sharuɗɗan ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa ba. Da aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a watan Oktoba, abin da ya yi aikin shi ne bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar da kuma killace su. Azurfa ba ta taka wata rawa ba.

Amma kasuwarta ba ta mutu ba. Har gobe ana tallar ruwan azurfa a intanet, wato ruwan da aka watsa wa ɓurɓushin azurfa ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Wasu ma a gida suke haɗa nasu: kofin ruwa, wayoyi biyu na azurfa, sai batir. Masu tallar kuwa ba su bar cuta ko ɗaya ba, daga mura da ƙuraje har ciwon daji da cuta mai karya garkuwar jiki.

Abin da ke ba wannan talla ƙarfi shi ne akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta idan ta same su a fili. Tun a shekarun 1880 wani likitan haihuwa Bajamushe, Carl Credé, ya fara ɗiga wa jarirai ruwan wani gishirin azurfa a ido, abin da ya ceci yara masu yawa daga makantar da ciwon sanyin uwa ke jawowa. A yau ma asibitoci na shafa wa wanda ya ƙone wani farin man shafawa mai azurfa, akwai kuma bandeji mai ɗauke da ita. Duk wannan a bayan fata ne, da awo, a hannun likita. Daga nan mai talla yake yin tsalle ya ce tunda tana kashe ƙwayar cuta a kan miki, to za ta kashe ta a cikin jini. Babu wani ingantaccen gwaji a kan mutane da ya tabbatar da haka. Kuma jiki ba shi da wani aiki da yake yi da azurfa, saɓanin sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata ko aidin da ake sa wa gishiri.

To ina take zuwa idan an sha? Wani kaso yana fita, sauran ya kwanta a fata, da dasashi, da farce, da farin ido, da kayan ciki. Idan hasken rana ya bugi wadda ke cikin fata sai ta yi duhu, irin yadda sinadarin azurfa ke yi a tsohon fim ɗin kyamara. Shi ya sa fuska da wuya da hannaye ne ke fara sauya launi. Likitoci na kiran ciwon arjiriya, kuma ko mutum ya daina sha launin ba ya komawa.

Paul Karason ne fuskar wannan ciwo da duniya ta fi sani. Ba'amurke ne, fari sol a da, ya riƙa haɗa ruwan azurfa a gida yana sha, yana kuma shafawa a fuska saboda ciwon fata. Da ya bayyana a shirin talabijin na Today a 2008, fuskarsa shuɗiya ce kamar wanda aka tsamo daga karofin Ƙofar Mata, ga farin gemu ya ƙara fito da ita. Abin ya taso masa sannu a hankali, har sai da wani tsohon abokinsa ya ziyarce shi ya tambaye shi me ya shafa a fuska. Ya rasu a 2013 yana da shekara 62 bayan bugun zuciya, da launinsa. Akwai kuma Stan Jones na jihar Montana, wanda ya fara sha a 1999 don tsoron kada rikicewar kwamfutoci a shiga shekarar 2000 ta jawo ƙarancin magunguna. Kwamfutocin ba su rikice ba, shi kuwa ya tsaya takarar sanata a 2002 da fuska ruwan toka.

A waccan shekara ta 1999 ɗin ce hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yanke hukunci cewa magungunan azurfa da ake sayarwa ba da takardar likita ba, ba a tabbatar suna aiki ba, ba a kuma tabbatar ba sa cutarwa ba. 'Yan kasuwa sai suka sake wa kayan suna, suka koma sayar da shi a matsayin ƙarin abinci mai gina jiki, inda doka ta fi sassauci.

Idan annoba ta zo, sai su fito fili. A farkon 2020 wani mai wa'azin talabijin, Jim Bakker, ya tallata nasa ruwan a shirinsa da sunan zai iya maganin korona. Jihar Missouri ta maka shi a kotu, kuma a 2021 ya amince ya biya dala 156,000 don a mayar wa masu saye kuɗinsu. Ita kuwa Amy Carlson, shugabar wata ƙungiyar asiri da ke sayar da ruwan, gawarta aka tsinta a Colorado a 2021, kuma rahoton binciken gawar ya lissafa yawan shan ruwan azurfa cikin abubuwan da suka kashe ta, tare da giya da ƙin cin abinci.

Masu kare shi sukan ce ai waɗannan wuce gona da iri suka yi. Ko an yarda da haka, sai a tambaya: wane awo ne ya taɓa warkar da wani? Kowane magani na da illa, amma ana haƙuri da illar ne saboda amfanin da aka tabbatar. A nan illar ce kaɗai aka tabbatar. Nauyin kawo hujja yana kan mai sayarwa, kuma labarin wata baiwar Allah da ta ce ta sha ta ji sauƙi ba hujja ba ce, domin mura da kanta take tafiya ko an sha magani ko ba a sha ba.

Haɗarin da ya fi launin fata muni ba a cika maganarsa ba. Azurfa na hana hanji tsotse wasu magunguna yadda ya kamata, ciki har da tetirasakilin, da dangin sifro waɗanda ake rubuta wa masu taifot, da maganin da masu raunin ƙullin maƙogwaro ke sha kullum. Mai zazzaɓin da ya haɗa ruwan azurfa da ƙwayoyin da likita ya ba shi, don a ganinsa biyu ta fi ɗaya, yana iya rage wa maganin gaskiyar ƙarfi ne da kuɗinsa, kuma likitan ba zai san dalilin da zazzaɓin ya ƙi sauka ba sai in an gaya masa.