Gödel Bai Ce Lissafi Ƙarya Ba Ne

Duk mai zama a majalisar samari a Fagge, ko mai bin muhawarar TikTok kan ƙirƙirarriyar basira, da wuya bai ci karo da wannan magana ba: wai wani masani ya tabbatar lissafi ma ba shi da tabbas, saboda haka kimiyya shaci-faɗi ce, kuma na'ura ba za ta taɓa kamo ƙafar ɗan Adam a tunani ba. Wanda ake jingina wa maganar shi ne Kurt Gödel, alhali ba abin da ya faɗa ke nan ba.

A 1931, yana matashi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Gödel ya wallafa sakamako biyu, kuma dukansu suna da sharaɗi. Dole tsarin ya zama mai dokokin da ko na'ura za ta iya bi ɗaya bayan ɗaya, ya iya tarawa da ninka lambobi, kuma kada ya riƙa tufka da warwara. In sharuɗɗan sun cika, to za a sami wata magana game da lambobi da tsarin ba zai iya tabbatarwa ba, ba zai kuma iya ƙaryatawa ba. Na biyu, tsarin ba zai iya kafa hujja da kansa cewa babu karo a cikinsa ba.

Wannan bai rushe abin da aka riga aka tabbatar ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya sayar da atamfa goma a kan dubu takwas-takwas, dubu tamanin zai karɓa, Gödel ko ba Gödel. Ko a cikin lissafin ma ba ko'ina abin ya shafa ba: tun 1929 Mojżesz Presburger ya nuna cewa tsarin tarawa zalla, ba ninkawa, cikakke ne. To ina ga siyasa ko likitanci, da ba su ma da irin waɗannan dokoki?

Batun na'ura ya fi nauyi, domin babban masani Roger Penrose ya kare shi a littafinsa na 1989. Amma akasarin masana manɗiƙi ba su gamsu ba. Hujjar tana buƙatar a ɗauka cewa tunanin mutum ba ya tufka da warwara, kuma mutum ya san haka tabbas. Wanda ya taɓa zama a majalisa ana gardamar ƙwallo ya san wannan da sauran magana.

Abin takaici, inda sakamakon ya taɓa wayar hannu kai tsaye shi ne ba a magana a kai. A 1936 Alan Turing ya bi wannan hanya ya nuna babu manhajar da za ta iya duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta kammala aikinta ko za ta yi ta juyawa har abada. Daga baya, a shekarun 1980, Fred Cohen ya nuna babu manhajar da za ta gano kowane bairos ba tare da kuskure ba.

Don haka in mai gyaran waya a Beirut Road ko cikin Sabon Gari ya ce zai saka maka maganin bairos mai kamawa ɗari bisa ɗari, nan ne ya dace a ambaci Gödel da Turing. Manhajar za ta taimaka, amma fayil ɗin da aka turo maka ta Xender, wanda ke neman izinin karanta saƙonnin bankinka, yana iya wucewa ta gabanta ba ta ce uffan ba.